Zinari na Tarayya, Rami na Manomi: Dokokin Muhalli a Nan da Wasu Ƙasashe

Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yi kwana-kwana ba: duk wani ma'adani da man fetur da iskar gas da ke ƙarƙashin ƙasa ko ƙarƙashin ruwa a ƙasar nan mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Manomin da ya gaji gonarsa a Birnin Gwari tun kaka da kakanni yana da ikon ya shuka dawa ya girbe, amma in zinari ya bayyana a ƙarƙashin kunyarsa, to ba shi da ƙwayar zarra a ciki, haka hakiminsa, haka ma gwamnatin Jihar Kaduna. Ita kanta gonar, tun da aka kafa dokar amfani da ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna, kuma in an karɓe ta, diyyar da doka ta tanada ta shuka ce da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Sai dokar ma'adanai ta 2007 ta ɗora da cewa haƙar ma'adanai tana gaba da duk wani amfani da za a yi da fili.

Mutane da yawa a nan Kaduna suna ganin nan ne tushen matsalar, shi ya sa duk lokacin da aka taso da zancen zinarin Birnin Gwari ko ma'adanin nikel da aka gano a Dangoma ta ƙasar Jama'a, sai ka ji ana cewa a sakar wa jihohi arzikinsu kowa ya huta. Ni ban gamsu da cewa nan ne cutar take ba, domin mallaka wa hukuma ma'adanai ita ce al'ada a mafi yawan ƙasashen duniya. Haka abin yake a Gana da Kenya da Botsuwana, haka man Norwe yake a hannun hukumar ƙasar, kuma Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya da dokarta ta 2002 wadda ta mai da gwamnati mai riƙon amanar ma'adanai a madadin jama'a. Ko a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, mashahurin zance shi ne al'amarin ma'adanai yana hannun shugaba, ko da a filin wani aka same su. Amurka ce fitacciyar ƙasar da ta bambanta, inda mai fili yake iya mallakar abin da ke ƙarƙashinsa har ya sayar da shi daban da gonar. Inda ƙasashe suka yi wa juna nisa shi ne abin da doka ta tanadar wa mutumin da ke zaune kusa da ramin, ranar da rijiyarsa ta gurɓace ko ɗansa ya kwanta.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. Dutsen da ake haƙowa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yana ɗauke da zinari haɗe da dalma mai yawan gaske. Maza suna kawo shi gida cikin buhuna, ana farfasa shi a tsakar gida, ana daka shi a turmi ko a kai shi injin niƙa irin na hatsi, a shanya garin a inda yara ke rarrafe, ƙurar ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci da bakin randa. Yara suka fara suma da jijjiga, iyaye suna zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura sannan aka gano gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu. Garin Bagega, wanda yana cikin waɗanda abin ya fi shafa, sai a farkon 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, bayan an yi ta roƙo da kiraye-kiraye. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wadda ke maƙwabtaka da mu. Duk abin da mutanen nan suka samu, a matsayin agaji ya zo musu, wanda mai bayarwa yake iya bayarwa ko ya hana.

Ita wannan guba ta dalma ta afka wa wata unguwar talakawa mai suna Owino Uhuru a birnin Mombasa na Kenya, inda aka kafa masana'antar narka tsofaffin batura a 2007 daf da gidajen mutane. Wata mata mai suna Phyllis Omido, wadda ta yi aiki a masana'antar kuma aka samu dalma a jinin jaririnta, ita ta jagoranci jama'a har aka rufe wurin a 2014. Ba su tsaya nan ba, suka shigar da ƙara a 2016, kuma a 2020 kotun muhalli da filaye ta yanke hukuncin a biya su diyyar shilin biliyan 1.3, tare da ɗora kaso mai tsoka na laifin a kan hukumomin gwamnati da suka ba da lasisi suka kuma kau da kai. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke diyyar a 2023, Kotun Ƙoli ta maido da ita a watan Disamba na 2024. Tafiyar ta yi tsawo, kuma babu kuɗin da zai gyara ƙwaƙwalwar yaron da dalma ta taɓa, amma waɗannan mutane sun tsaya gaban alƙali suna neman haƙƙinsu, kuma an kira hukumar kare muhalli ta ƙasarsu ta amsa tambaya.

Dalilin wannan bambanci yana rubuce a kundin tsarin mulkin ƙasashen biyu. Na Kenya na 2010 ya sanya haƙƙin zama a muhalli mai tsafta a sashe na 42, cikin jerin haƙƙoƙin ɗan Adam da kotu ke tilasta kiyayewa, sannan sashe na 70 ya ce mai ƙara ba sai ya nuna cewa wani ya yi asara ko ya ji rauni ba kafin a saurare shi, kuma kundin ya umarci a kafa kotu ta musamman mai darajar babbar kotu domin shari'un muhalli da filaye. Afirka ta Kudu ta riga ta yin haka a sashe na 24 na kundinta na 1996. Mu ma muna da sashe na 20, wanda ya ce hukuma za ta kare muhalli ta kiyaye ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa, kuma kalmominsa ba su da aibi ko kaɗan. Sai dai an ajiye shi a Babi na Biyu, sashe na 6(6)(c) kuwa ya hana kotuna bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke cikin wannan babi. Wato an yi wa ɗan ƙasa alkawari, sannan a wani shafin aka hana shi kai ƙarar wanda ya saɓa.

Gaskiya ne cewa alƙalanmu sun yi ƙoƙarin buɗe wata kafa. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan, ta ce ƙona iskar gas a kusa da gari tauye haƙƙin rayuwa ne, amma ba a aiwatar da hukuncin ba, kuma har yau wutar tana ci a Neja Delta duk da cewa dokar 1979 ta sa shekarar 1984 a matsayin wa'adin dainawa. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin kai ƙarar NNPC kan malalar mai ko da ba ita abin ya shafa kai tsaye ba, bayan an shafe fiye da shekara goma ana jayayya a kan hurumin kaɗai. Wannan hukunci babba ne, ya kamata a ce lauyoyin Arewa sun fi haka amfani da shi. Amma akwai wani shinge: sashe na 251 ya keɓe shari'ar ma'adanai ga Babbar Kotun Tarayya, saboda haka mutumin Birnin Gwari da ramin haƙa ya cinye masa gona ba zai je kotun da ke garinsu ba, sai ya biyo wannan hanya mai hatsari ya shigo Kaduna, ya ɗauki lauya, ya jure ɗage zama bayan ɗage zama. Ba abin mamaki ba ne da manoma huɗu na garuruwan Goi da Oruma da Ikot Ada Udo da ke Neja Delta suka kai kukansu har Holan a 2008, inda kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Heg ta kama reshen Shell na Nijeriya da alhakin malalar mai a watan Janairu na 2021, aka kuma daidaita a kan Yuro miliyan 15 a 2022, lokacin da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan ƙofar kotu sai batun wanda zai biya kuɗin gyara, kuma a nan dokokin Amurka sun cancanci a tsaya a kansu, duk da cewa ƙasar tana da nata abin kunyar, kamar ruwan famfo mai dalma da aka shayar da mutanen garin Flint daga 2014. Dokarsu ta 1980, wadda aka yi bayan an gano wata unguwa da makaranta a Love Canal zaune a kan tarin dattin guba da aka binne, ta ce duk wanda ya samar da gubar, ko ya yi dakonta, ko ya mallaki wurin, ana iya kama shi ya biya kuɗin share wurin gaba ɗaya, ko da bai yi sakaci ba, ko da kuwa ya zubar da dattin ne tun kafin a kafa dokar. Dokarsu ta haƙar kwal ta 1977 kuma ta wajabta wa kamfani ya ajiye kuɗin jingina kafin ya kafa diga, in ya cike ramin ya maido da ƙasar a sakar masa kuɗinsa, in ya gudu hukuma ta yi aikin da su. Dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya yi ƙarar mai gurɓata ruwa bayan ya ba da sanarwar kwana 60. Lokacin da rijiyar man kamfanin BP ta fashe a tekun Meziko a 2010, sulhun da kotu ta amince da shi a 2016 ya kai Dala biliyan 20.8. A gwada wannan da ƙasar Ogoni, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da Dala biliyan ɗaya.

Mu da muke Arewa mun san abin da rashin irin wannan jingina ke haifarwa. Duk wanda ya bi ta Bukuru da Barikin Ladi ya ga kududdufan da kamfanonin kuza suka bari tun zamanin Turawa, masu zurfin da har yanzu suna cin mutane da dabbobi. A nan Kaduna kuma, waɗanda suka tashi a Kakuri da Makera lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana suna tuna yadda ruwan kwata ke fitowa yau shuɗi gobe ja gwargwadon rinin da aka yi a ranar, da ɗumi da wari mai hawa kai, ya gangara ya shiga Kogin Kaduna, masu lambu kuma su tare shi a hanya su ba alayyafo da latas. Masaƙun sun rufe, masu su sun tafi da ribarsu, abin da ya kwanta a cikin laka kuwa yana nan inda yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar ma'adanai ta 2007 ta ambaci asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki, amma wanda ya zagaya wuraren haƙa a jihar nan, ko ya tsaya a bakin kogi ya ga yadda tifofi ke kwasar yashi har gaɓa tana zaizayewa, zai yi wuya ya ga alamar wannan asusu a ƙasa.

Wani abin da na lura da shi game da dokokinmu shi ne yawancinsu bayan ɓarna aka haife su. Sai da aka gano dubban gangunan dattin guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Jihar Delta ta yanzu a 1988, a filin wani dattijo da ake biyan sa Dala 100 a wata, sannan gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan datti, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Hukumar NESREA da ta gaje ta a 2007, dokar da ta kafa ta ta cire harkar mai da gas daga ikonta, alhali nan ne ɓarnar ta fi yawa. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuwa, wadda ta samo asali daga tsarin da Amurka ta faro a 1970, har yanzu tarar da ta yanka wa mutum Naira 100,000 ce, kuɗin da a yau ba su kai farashin tifa biyu ta yashi a wasu unguwanni ba. Tsarin ya ce a baje rahoton tantancewar na kwanakin aiki 21 domin jama'a su yi tsokaci. Na taɓa ganin irin wannan rahoto a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, kundi mai kauri da Turancin injiniyoyi, ajiye a kan tebur a ofishin da ba kowa ke da ƙarfin halin shiga ba, rajistar masu tsokaci a gefensa babu sa hannun kowa, alhali mutanen da aikin zai ci gonakinsu suna kasuwa a bayan katanga ba su ma san an kawo shi ba. A takarda dai an ji ra'ayin jama'a.

A Indiya Kotun Ƙoli ta ɗauki wannan batu na jin ta bakin jama'a da gaske. A 2013, da ake jayayya kan haƙar ma'adanin sanholo a tsaunukan Niyamgiri na jihar Odisha, kotun ta ce a koma wa majalisun ƙauyukan da abin ya shafa su yanke da kansu, ƙauyuka 12 suka zauna ɗaya bayan ɗaya, dukkansu suka ce ba su yarda ba, aikin ya tsaya. A 2018 babbar kotu a Afirka ta Kudu ta yanke wa mutanen Xolobeni hukunci mai kama da wannan, cewa ba za a ba da lasisin haƙa a ƙasarsu ta gado ba sai da yardarsu. Dokarmu ta 2007 ita ma ta nemi yardar mai fili, ta kuma wajabta yarjejeniyar raya al'umma tsakanin kamfani da mutanen gari, sai dai ba ta tsaya ta tabbatar da cewa taron gari ne zai yanke ba, saboda haka takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun mutum biyu ko uku takan wadatar. Kenya ta ma rubuta rabon kuɗin ma'adanai a dokarta ta 2016: kashi 70 na gwamnatin ƙasa, 20 na gunduma, 10 na mutanen wurin. Namu kashi 13 a hannun jiha yake tsayawa, kashi 3 da dokar man fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙa kuwa bai shafi masu zinari ba. Ita ma Indiyar ba ta tsira ba, domin duk da hukuncin 1987 da ya rufe majemun Kanpur marasa wurin tace ruwa, da kotun muhalli ta musamman da aka kafa a 2010, Kogin Ganga bai tsarkaka ba har yau. Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam, kamar Ekwado da ta ba halitta haƙƙoƙi a kundinta na 2008, da Niyu Zilan da ta ba Kogin Whanganui matsayin mutum a gaban doka a 2017, amma ban ga wannan a matsayin abin da muka fi buƙata yanzu ba.

Darasin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi taɓa ni, yana hayin iyaka ne, a ƙasar Maradi da Damagaram, wajen 'yan uwanmu Hausawa. Dokar daji da Nijar ta gada daga Faransa ta mai da itatuwa irin su gawo mallakar hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke, kuma ma'aikacin gandun daji yana iya cin manomi tara don ya sassabe reshe. Abin da ya biyo baya shi ne manomi ya ɗauki itace a matsayin fitina, da ya ga toho sai ya sare shi tun yana ƙarami kafin ya jawo masa hukuma. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, aka fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su bar kututturan da ke gonakinsu su tofo, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su rage sauran, a lokaci guda kuma hannun ma'aikatan daji ya sassauta, har dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi tabbaci a kan abin da ya rena. An ƙiyasta cewa hekta miliyan biyar ne suka farfaɗo ta wannan hanya, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da gandun reno ko motar ban ruwa ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Manomi ya san duk wannan tun da can, abin da ya canza kawai shi ne ya tabbata cewa in ya rena itacen shi zai ci amfaninsa. Nijar ɗin nan ce kuma take fama da tulin dattin yuraniyom a Arlit, inda ake haƙa tun 1971, domin a can ma ma'adanai na hukuma ne kuma mutumin gari ba shi da ta cewa.

Gyaran sashe na 20 da na 251 aikin Majalisar Tarayya ne tare da majalisun jihohi, kuma ya dace mu riƙa tambayar wakilanmu matsayinsu a kai duk lokacin da aka buɗe zancen gyaran kundin tsarin mulki. Amma akwai abubuwan da ba sai an jira Abuja ba. Daji da filaye da tsaftar gari suna hannun jiha, kuma a zauren Lugard Hall da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama a yau ne majalisar Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya ta 1965, wadda ta ɗora a kan tsohon tsarin hurumi da burtali da mashaya da kakanninmu suka sani. Wannan majalisa tana da ikon ta rubuta ƙarara cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, yanzu da buhunan gawayi ke cika manyan motoci a hanyar Kachiya da ta Birnin Gwari. Tana da ikon ta wajabta wa hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ta riƙa auna ruwan Kogin Kaduna da na rafukan da ke bi ta unguwannin masana'antu tana buga sakamakon kowa ya gani. Tana kuma da ikon ta ce ba za a ba wani babban aiki takardar fili a jihar nan ba sai an taƙaita rahoton tasirinsa da Hausa da harshen mutanen wurin, an karanta shi a rediyo da gaban taron gari a ƙofar dagaci, an rubuta sunayen waɗanda suka halarta da abin da kowannensu ya faɗa.